Tangaɗin Malam Sabo a ajin Turanci

Jama'a, yau Turanci ya kusa rusa aure a gabana!

Ajinmu na yamma a Dilimi ne. Malaminmu Mista Obi ba ya fassara kalma, sai dai ka tashi ka aikata ta. Yau kalmomin tafiya muka yi. An ba ni "limp", na yi ɗingishi na zauna. Aka ba Malam Sabo tela "stagger", shi ma ya yi ɗingishi.

Mista Obi ya ce, "A'a oga, wannan ciwon ƙafa ne. Yi kamar ka sha giya!"

Malam Sabo ya karkace hula, ya yi tangaɗi har bakin ƙofa, ya rungume bango. Muna ta tafi!

Ashe Alhaji Ɗanladi na tsaye a waje, ya biyo shi karɓar ɗinki. Ɗansa ne ke neman auren 'yar Malam Sabo.

Mista Obi ya fita da gudu. "Alhaji, karatu ne!"

Alhaji ya ce, "Na ji. Amma wannan ƙwarewar ba a aji ya samo ta ba."

Ya tayar da mashin, ko ɗinkin bai tambaya ba.