Shubhada Tai, Sakatariyar da Muka Sauke

Kafin ƙarfe shida na safe Shubhada Karmarkar ta riga ta hau saman bene. Hawa biyar ne, ita kuma shekararta sittin da bakwai. Takan leƙa tankin ruwa, domin awa biyu kacal famfo ke kawowa a wannan gefen na birnin Pune, sannan ta sauko ta sha shayi a tsaye tare da mai gadi, tana jin wa ya tare ƙofa da mota, wace fitila ce ta mutu. Shekara goma sha tara ta yi tana wannan ba albashi, a matsayin sakatariyar ƙungiyar masu gidaje ta rukunin Parijat. Tai muke ce mata, yadda ake kiran babbar yaya.

Gida arba'in da takwas ne mu. Kowa da ƙofarsa, amma rufi ɗaya, tanki ɗaya, matakala ɗaya. Mukan taru mu zaɓi mutum bakwai su kula mana da waɗannan, mu koma ɗaka mu yi ta ƙorafi a kansu. Kundin dokokinmu kuwa, ita kaɗai ta taɓa karanta shi har ƙarshe.

Shi ya jawo mata. Bara waccan wata ma'aikaciyar jinya, Mariamma, ta kama haya a hawa na uku. Ba ta da miji, kuma tana soya kifi, alhali yawancin mutanen rukuninmu ba sa cin nama ko kifi. Shugabanmu Phadke ya kawo maganar gaban taro, wai a sa mai gidan ya kore ta.

Tai ta miƙa masa kundin. "Phadke Saheb, nuna min shafin da ya hana kifi."

"Tai, ke fa ba alƙali ba ce. Mutane ne ba sa so."

"Ni ma ba na son rediyonka, amma ban ce a kore ka ba."

Aka kwashe da dariya, Mariamma ta ci gaba da zamanta. Phadke bai yafe ba. Ya bi gida-gida yana tuna wa kowa abin da ta yi masa: wannan ta hana shi toshe baranda, wancan ta sa ya kwashe tarkace daga matakala. Ranar zaɓe mutum talatin da ɗaya suka ɗaga hannu a sauke ta. Har da ni. Ta taɓa hana ni ajiye babur a filin wasan yara, abin da na riƙe ke nan. Ta ajiye makullai a kan tebur ta ce, "Tankin dai a wanke shi kafin damina."

Ba wanda ya wanke. A watan Yuli yara tara suka kwanta da amai da gudawa, har da 'yata Ketaki, wadda ta kwana huɗu a asibiti. Sabon kwamiti na ta gardamar laifin wa ne, Tai ta kira masu wankin tanki, ta hau da sandarta ta tsaya a kansu har suka gama. Mariamma kuma ta bi ɗaki-ɗaki tana duba 'ya'yan waɗanda suka so a kore ta.

Mu shida muka je roƙonta ta dawo. Ta ba mu shayi da poha mai zafi, wani abincin shinkafa, ta saurare mu har muka gama.

"Da bara ne, da na karɓa," in ji ta. "Yanzu gwiwoyi sun ƙi. Ƙarshen wata zan koma Nashik wurin 'yata."

Tai, ke ce kika san wace tsohuwa ba ta buɗe taga ba yau, kika je kika ƙwanƙwasa. Ke ce kika ce mana a'a ido da ido, alhali murmushi ya fi sauƙi. Mun gode, duk da mun makara. Ni dai ina neman gafararki a gaban kowa, tunda a gaban kowa na ɗaga hannun.

Ku da kuke da irinta a rukuninku, ku gode mata tun tana iya hawa bene. Kujerar Tai kuwa har yau ba kowa a kai. Ranar Lahadi za a yi zaɓe, na ba da sunana.