Dusar ƙanƙara ma dusa ce

Laraba, 14 ga Nuwamba 2018. Shekara goma sha biyar ina haɗiye wannan magana, yau ba zan haɗiye ba.

Da safen nan aka kira ni daga Bron, kusa da Lyon: Malam Isuhu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku kun san shi da mai gadin wurin ajiye motoci. Ni na san shi a labo, wato ɗakin bincike, a Lyon, muna binciken ilimin ruwa, shi Ba'adare ni mutumin Damagaram. Aikinsa kogunan da ke gangarowa daga duwatsun Alps: nawa ya sauko daga sama, nawa ya fita ta kogi. Lissafin bai taɓa haɗuwa ba. Kogi na kawo ruwan da ma'auni ya ce bai sauka ba.

A 2003 ya tsaya gaban manyan labo, ina zaune. Ya ce musu mu a harshenmu dusar ƙanƙara muke ce wa abin da ke sauka a can. “Uwata in tana shiƙa, tsaba ke faɗawa ƙwarya, dusa iska ke tafiya da ita. Ma'auninku ƙwarya ne. A can sama inda iska ba ta hutawa, me kuke zaton yake kamawa?”

Ba shi ya gano wannan ba, yana cikin littattafansu. Laifinsa ɗaya: ya ƙi sa hannu a rahoton da ya ba masu madatsar ruwa adadi guda kamar an tabbata. Ya ce a rubuta daga kaza zuwa kaza, tsakani ba mu sani ba.

Patron, shugaban labon, ya yi dariya, ya ce ɗan Sahel ne zai koya musu ƙanƙara? Ba a sabunta masa kwantiragi ba.

Ni na yi shiru. Shirun ya ƙara mini shekara biyu kacal a labo, ga ni ina jan taksi a Sevran.

Bai taɓa yi mini gori ba. Da matata ta kwanta asibiti, shi ya taso daga Lyon ya yi sati yana dafa mana abinci.

Kuma bai daina ba. Kowane hunturu sai ya hau, ya haƙa ƙanƙara, ya auna nauyinta kusa da ma'auninsu, ya rubuta a karne, ɗan littafinsa na aljihu.

Ganinmu na ƙarshe a Satumba, ya nuna mini kwalin karnen a ƙarƙashin gado. “Mutumin Damagaram, motarka ba ta ɗaukar takarda ne? Zo ka kwashe su kafin sanyi.” Na ce, “Kai Ba'adare, taurin kai ba zai bar ka ka mutu ba. Sai bazara.”

Yanzu na ji a tarurrukan manyan labon kowa na cewa ba a san iyakar abin da ke sauka a can sama ba. Madalla. Amma kada ɗayansu ya aiko mana da ta'aziyya, ba ma so.

Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya sa gaskiyar da ya riƙe ta cece shi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.

Na tambayi maƙwabcinsa kwalin. Ya ce da jinyarsa a asibiti ta yi tsawo mai gidan haya ya kwashe ɗakin, aka zubar da takardun. Awon hunturu goma sha huɗu ne, babu kwafi.