Malam Waliyyu da Masu Shanyar Gabu

A Aliero in ka ce Malam Waliyyu Mai Tanis, ko akuya ta san gidan. Gajere ne, ga sanƙo, amma a zamaninsa daga Jega har Maiyama babu mai tare ƙwallonsa. Ya ɗauki kofin shiyya har ya gaji. Da gwiwa ta ce masa ya isa haka, sai aka ba shi shugabancin ƙungiyar tanis ta shiyyarmu.

Duk mulkin nasa fili guda ne na siminti, shi ma rabinsa a hannun wata tsohuwa, Iyatu. In an cire albasa, ita da matan unguwa su daka ganyen, su dunƙula gabu, su jera shi reras a kan filin. Ina ka ga wurin shanya marar yashi kamarsa?

Ran nan manyan hukumar wasanni suka zo daga Birnin Kebbi duba fili. Wari ya tarbe su tun daga ƙofa. Suka ce in sun dawo suka tarar da haka, gasar shiyya ta bar Aliero ke nan har abada.

Mu matasa muka ce a kira 'yan sanda. Malam ya ce mu rufe masa baki. Ya je ya durƙusa gaban Iyatu.

"Inna, wanga fili na ɗiyanki ne."

"Ɗiyana miya suka sani, Waliyyu, ba ƙwallo ba. In shanya a kan sanƙonka?"

"Ku yi shanyarku daga safe har la'asar, mu ma ba mu iya wasa cikin wagga rana. Amma duk wadda ta shanya, ta aiko ɗa ko ɗiya su kwashe, su share, ni kuma in ba su raket su koyi wasa."

"Wayo!" in ji ta. "Ga jikata Khairiyya nan, ta gagare ni. Ka ji da ita."

Da manyan suka dawo, fili fes, yara cike, har ana faɗa kan layi. Gasa ta zauna a Aliero, kuma tana nan har yau.

Bayan shekara uku Khairiyya ta kai wasan ƙarshe da wata doguwa 'yar Jega, ta yi mata dukan kawo wuƙa. Tun ba a gama ba Iyatu ta rangaɗa guɗa. Alƙalin wasa ya ce a yi shiru.

"Kai ka yi shiru," in ji ta. "Taka ce?"