Malama Taibatu da Laifin Shafi na Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi Malama Taibatu Mas'ud take isa ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani a Talata Mafara. Za ta gaisa da maigadi har sai ta ji lafiyar awakinsa, sannan ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta jera kayan aikinta a tebur: jan biro, almakashi, da wata waya mai tsagaggen gilashi wadda ko ɓarawo ne ya tsince ta sai ya nemi mai ita. Tana da sabuwar waya a jaka, amma ba ta aiki da ita. Irin tsohuwar nan ce a hannun sakatarorin ƙauyuka, don haka da ita take gwada komai.

Aikinta, ga wanda bai sani ba, shi ne rubuta littafin jagora. Ƙungiya tana da manhaja a waya wadda ake yi wa manoma rajista da ita domin rabon iri. Masana kwamfuta ne suka haɗa ta, su kaɗai ne kuma suke ganin tana da sauƙi. Malama Taibatu ce ke tsayawa tsakaninsu da irinmu, ta rubuta mana: mataki na ɗaya, danna nan, mataki na biyu, jira, kada ka sake dannawa. Da tafireta ta fara aiki shekara talatin da biyar da suka wuce. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma sau ɗaya tak na ji an ambaci sunanta a wani taro, shi ma ba don yabo ba.

Kamilu, wanda ke kula da manhajar daga Gusau, ya ce ya fi tsoron kiranta a kan kiran surukinsa. Wata rana ya sauya launin madanni ɗaya daga kore zuwa shuɗi, don a ganinsa ya fi kyau. Bai san littafinta yana ɗauke da hotunan fuskar waya arba'in da uku ba, abin nan da suke ce wa sikirinshot, kowanne da jar kibiya tana nuna koren madanni. Ta kira shi, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “To Kamilu, mi kore yay yi maka?” Kafin azahar madanni ya koma kore. Tun daga ranar ba ya taɓa komai sai ya rubuta shi a jerin canje-canje, ita kuma tana buga lambar siga a bangon kowane littafi, don kada wani ya riƙa aiki da na bara.

Hauwa'u, sakatariyar mata manoma ta Bakura, tana da nata labarin. A ƙarshen littafin akwai shafin da Malama ta sa wa suna “In Ta Ƙi”, layin farko kuma cewa yake, “Duba ko akwai caji.” Hauwa'u ta ce da ta karanta ranta ya ɓaci, ta ga an mayar da ita sakarya. Sai ga shi wata Laraba ta shigo mota tun daga Bakura tana tsine wa manhaja, ta dire waya a teburin Malama ta ce ta mutu. Malama ta jona ta a wuta, ta shiga tambayarta yaya albasa ta yi bana.

Yanzu bari in zo kan nawa labarin, tunda saboda shi na ɗauki alƙalami. Ni ne Ishaku, sakataren manoman Janbako, tsohon malamin firamare. Shekara ashirin ina rubuta sunayen manomanmu a littafi da hannuna, rubutun da har aro ake zuwa yi a nuna wa ɗalibai. Shekara shida da suka wuce aka miƙo mini waya da littafin jagora, aka ce rajistar irin shinkafa ta bana da wannan za a yi. Na karɓa ina jin haushi, na kuma rantse a raina ba zan tambayi kowa komai ba.

A shafi na bakwai akwai hoton gurbin suna, an cike shi da Ɗanlami, ga jar kibiya tana nunawa. Na yi tunani irin na mai ilimi. Na ce tunda wayar tana ɗaukar hoton manomi, ai ta riga ta san shi, wannan Ɗanlami kuwa kalmar sirri ce da ke buɗe mata hanya. Na zauna ƙarƙashin dalbejiyar kasuwa kwana huɗu, duk wanda ya zo in ɗauke shi hoto in rubuta Ɗanlami. Wani dattijo ya ce, “Malam, ba ka tambai sunana ba.” Na ce masa na'ura ta wuce nan, ya tafi yana mamakin zamani.

Mutum ɗari biyu da goma sha biyu na yi wa haka. Manhaja ta ga suna ɗaya ya maimaitu, ta ɗauka kuskure ne, ta share duka ta bar guda. Da jerin ya fito, kaf Janbako manomi ɗaya ne ya cancanci iri. Ɗanlami ɗaya muke da shi a gari, wanzami ne, bai taɓa dasa shinkafa ba. Mutane suka riƙa zuwa rumfarsa yi masa murna.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin saura kwana uku a rufe rajista, kuma gida ɗari biyu ne za su rasa noman rani. Aka kira taro a Mafara. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maikuɗi, ya ɗaga takardar jerin sama ya ce, “Malam Ishaku, mun ɗauke ka mai ilimi munka ba ka amana. Yau za mu aje ka, kuma a hwaɗa wa mutanen Janbako dalili.” Ban damu da kujerar ba kamar yadda na damu da wannan dalilin. Rabin garin nan ni na koya musu karatu, kuma da su zan ci gaba da haɗuwa a masallaci.

Sai muryar Malama Taibatu daga bayan ɗaki, inda take zaune tana rubuta bayanin taro.

“Ranka ya daɗe, ba laihin Malam ba ne. Laihin shafi na bakwai ne, kuma ni nar rubuta shi. Kibiya ta nuna mai suna, ya rubuta abin da anka nuna mai. A ba ni kwana ukun.”

Alhaji Maikuɗi yana buƙatar wanda zai ɗora wa laifi, ga kuma wata ta miƙo kai. A ranar aka buga mata takardar gargaɗi aka sa a fayil ɗinta, ni kuma aka bar ni a kujerata.

Washegari ta iso Janbako a bayan a-kori-kura, bayan hanyar nan tamu ta girgiza ta son ranta, riƙe da sabon shafi na bakwai. Gurbin suna babu komai a ciki, a sama kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: TAMBAYI MANOMI SUNANSA. Ta zauna gefena a tabarma, ta ce, “Malam, ba ni son in taimake ka, so nike takarda ta taimake ka. Bakina kuwa ba ya da haƙuri.” Sai ta kurɓi ruwa ta riƙe a baki. Duk inda na tsaya ina jujjuya takarda, sai in ga kumatunta sun kumbura idanunta sun yi ja, amma ba ta haɗiye ba, sai dai ta sa alama da jan biro a wurin don ta gyara. Kwana biyu muka yi haka. Kowa ya samu sunansa, kowa ya samu irinsa.

Ke ce kika yi wannan, Malama Taibatu, mai jar kibiya. Ke ce mutanen Janbako suka laƙaba wa Uwar Ɗanlami, suna kiran ki da shi a kasuwa har yau, kina amsawa da dariya. Ni ma na taya su dariyar, kin kuma gan ni.

Abin da ba su sani ba shi ne, bayan an gama na ɗauko tsohon littafin na sake buɗe shafi na bakwai. Ƙarƙashin hoton akwai layi da ƙananan baƙaƙe: “Ɗanlami misali ne. Rubuta sunan manomin da ke gabanka.” Yana nan tun farko. Ni ne na tsallake shi, don a ganina ƙananan rubutu na marasa ganewa ne. Na same ki a ofis na nuna miki, murya ƙasa-ƙasa. Kika ce, “Na san yana nan, Malam. Amma na aje shi inda ido bai zuwa, kuma wanga aikina ne. Tahi ka yi harkarka.” Na tafi kuwa, na yi shiru shekara shida, kuma kunyar shirun ta fi ta kuskuren nauyi a zuciyata.

Na gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya, Ya ba ki masu rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Ku kuma masu rubuta wa jama'a yadda za su yi amfani da na'ura, ku yi koyi da ita: ku nemi tsohuwar waya, ku nemi mai taurin kai irina, ku zauna gefensa ku yi shiru ku gani.

Saura magana ɗaya. Alhaji Maikuɗi, takardar gargaɗin nan da ke fayil ɗin Malama Taibatu tawa ce. Ina roƙo a cire ta kafin ƙarshen wata, ta tafi gida da fayil ɗinta fes. A sa sunana a kai, a aiko mini da ita Janbako, ni da kaina zan karanta wa mutane ita ranar kasuwa.