Littafina a rumfar mai turi

Jiya a kasuwar Konni na tsaya rumfar mai turi, irin masu zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a salula, don ya sa wa innata karatun Alƙur'ani. Yana cikin aikin ya ɗago kai.

"Malama, kina karatun littahi? Akwai wani sabo, matan garin Tajaye har aike sukai a tura musu."

Ya buɗe mini. Littafina ne, wanda na saki da kaina a waya bara. An yanke bangon, sunana ya tafi tare da shi.

Na ce, "Wa ya rubuta?"

"Wata 'yar Najeriya ta. Mu nan wa ka rubutu haka?"

Na ce masa ni ce, nan kusa a Malbaza nake koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ya yi dariya ya miƙo mini salula.

"Allah shi kai ki matsayinta, Malama."

Bara, kafin in saki littafin, wani kamfanin ɗab'i a Yamai ya so ya karɓa. Za su kulle shi yadda ba mai iya tura wa wani, sai mai katin banki ya saya. Na ƙi, don matan da na rubuta dominsu ba su da kati.

To, littafi ya kai Tajaye. Ni ce ban kai ba.

Littafina na biyu ya kusa kammaluwa, kamfanin kuma ya sake kirana. Marubuta, in ku ne, wanne za ku riƙe: masu karatu ko sunanku?