Malam Shehu da Motar da Bai Tambayi Tarihinta Ba

Ina harabar ofis bayan azahar, ina duba tayoyin wata bas, wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Malam Shehu ne daga Ƙofar Marke. Ya ce, "Murtala, sai haƙuri. Malam ya rasu bisa hanyar Yabo, mota ta ƙwace." Na yi istirja'i, na nemi dakali na zauna. Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, "Ɗiyatai Rabi, ita ka tuƙi." Rabi ta tsira da karaya a hannu. Tun a wannan wayar aka fara ɗora mata gawar mahaifinta, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Malam Shehu shi ne shugaban sashen kula da motoci a ma'aikatarmu kafin ya yi ritaya, a hannunsa na koyi aiki. Mutum ne mai sanyin magana da tsananin kunya, amma idan aka zo kan mota ba ya da sauƙi. Na sha ganin sa da farar riga ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin mota, direbobi na tsaye suna cizon yatsa don sun san tafiyar ta fasa. Akwai ranar da wani babba ya aiko a ba shi mota cikin gaggawa, Malam ya hana don birkinta ya cinye. Aka kira shi sama aka yi masa faɗa son rai. Ya sauko yana share zufa, ya ce mini, "Gara shi zage ni da rainai."

Shi ya koya mini abin da ake nufi da cikakken tarihin mota. Yawancinmu, in an ce mota tana shan sabis, juyen baƙin mai muke nufi da canjin fulogi, shi ke nan. Malam ba ya yarda da wannan. Sai ya san wane bakanike ne ke riƙe da ita, ya je garejin da ƙafarsa, ya ji yaushe aka taɓa birki, yaushe aka sauya kayan ƙafa, ko ta taɓa buguwa, da me aka gyara ta. In da rasit ya duba, in babu ya zaunar da bakaniken ya yi ta tambaya. Yakan ce, "Tarihin mota ba abin da anka yi mata ba na kaɗai, har da abin da anka ƙi yi mata." Da ya tashi sayar da tsohuwar motarsa, haka ya tsare mai saye yana lissafa masa aibobinta ɗaya bayan ɗaya, har dillalin ya dafe kai ya koma gefe.

Haka ya koya wa Rabi tuƙi, a wani fili bayan Gidan Dare, kullum da yamma. Sai da ta ƙware a birki da baya kafin ya bar ta ta hau titi. Ni shaida ne, na sha zama a bayan motar. A cikin direbobinmu na ofis babu mai natsuwarta a kan sitiyari.

Bayan ritayarsa ya nemi mota, sai aka ce baffan matarsa yana da ta sayarwa. Ba zan kira sunansa ba, Alhaji kawai zan ce, waɗanda suka sani sun sani. Tare muka je. Motar na ƙofar gida an wanke ta tana sheƙi. Malam ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya ce, "Motag ga ba ta taɓa tsallake sabis ba, Shehu. Dut abin da a ka yi ma mota an yi mata." Na matsa kusa da Malam na ce mu tambayi garejin da take zuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Murtala, surukina na. In nit tambayi bakanikenai, kamar na ce mai maƙaryaci." A hanya na sake tayar da maganar, ya ce in bari.

Ba wai bai duba ta ba. Da ya kai ta gida ya rufe ƙofa ya shiga ƙarƙashinta, bai ga komai ba, domin an goge wurin da ke da aibin, an fesa baƙin fenti, an shafe da giris. Abin da ido ba ya gani bakin bakanike ne kaɗai zai faɗa, kuma wannan tambayar ce kunya ta hana shi yi. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana hana manya hawa mota marar lafiya, ya kasa tambayar surukinsa kalma ɗaya. Ina jin haushin wannan kunyar tamu, ina kuma jin haushin wanda ya san da ita ya jingina da ita ya sayar da motarsa.

A wurin zaman makoki na ji abin da ya ƙona mini rai. Wannan ya ce mace da tuƙi a babbar hanya ai ganganci ne, wancan ya ce an gan ta tana gudu, alhali babu ɗayansu da yake wurin hatsarin. Alhaji na zaune a tabarmar gaba da tasbaha a hannu, ana yi masa ta'aziyya, yana girgiza kai yana cewa, "Yaran yanzu, ƙafassu da nauyi bisa totur." Na tashi na fita don kada in yi abin da zai ɓata zaman.

Na je inda aka jawo motar. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya rabu biyu, daidai kan wata tsohuwar walda, cikinta duk tsatsa. Na bi sawu har na sami bakaniken da ke yi wa Alhaji aiki. Bai yi musu ba. Ya ce bara motar ta faɗa kwalbati, ya ce a sayi sabon ƙarfe, Alhaji ya ce a liƙa kawai tunda sayar da ita zai yi. Na ce, "Kuma ka san Malam Shehu yas saye ta?" Ya ce, "Na sani. Ba wanda yat tambaye ni." Ban taɓa jin amsar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Rabi kuwa ta daina cin abinci. Tana zaune a ɗaki da hannu a ɗaure, ba ta kuka, ba ta amsa gaisuwa. Na shiga na sami mahaifiyarta, Hajiya Luba, na faɗa mata abin da na gano. Ta ce, "Murtala, baffana na. Kwana ya ƙare, ka rufa muna asiri." Na ce, "Hajiya, kwana ya ƙare, na yarda. Amma asirin ga bisa kan ɗiyakki a ka rufe shi." Ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta nuna mini ƙofar ɗakin Rabi da hannu.

Na tsaya a bakin ƙofa na yi wa Rabi bayani dalla-dalla, yadda mahaifinta zai yi. Na ce mata ko shi ke riƙe da sitiyarin nan, tayar za ta fita. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Baffa Murtala, ke nan ba ni nik kashe Baba ba?" Na ce ba ita ba ce. A nan ta fashe da kuka, na farko tun ranar da aka yi hatsarin, mahaifiyarta ta shigo ta rungume ta.

Na san gidan Alhaji sun daina amsa sallamata, kuma bayan wannan rubutu wasu za su ce na raba zumunci. Su faɗa. Wanda duk ya zauna a kan tabarmar nan ya kira sunan yarinyar nan, ya je ya nemi gafararta.

Allah Ya jiƙan Malam Shehu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa amanar da ya riƙe ta rayukan mutane ta bi shi. Allah Ya ba Hajiya Luba da yaranta haƙuri da dangana, Ya tsaya musu. Alhaji kuma, iyakar addu'ar da zuciyata ta iya yi masa a yau, Allah Ya ba shi ikon faɗar gaskiya da bakinsa tun yana da rai. Ke kuma Rabi, Allah Ya warkar da hannunki, Ya sanyaya zuciyarki. Ki yi wa mahaifinki addu'a da kai a ɗage, babu jininsa a kanki. Amin.