Ɗan Acaɓan da Na Sa a Littafi

Ina shekarar farko a kwaleji, 'yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, malaminmu na lissafi ya zo da wani littafi da ya sauko da shi daga intanet a Gyadi-Gyadi. Ya ce marubucin ya yarda kowa ya kwafa kyauta, har ma ya gyara.

Misalan ciki duk na dusar ƙanƙara ne da jiragen ƙarƙashin ƙasa, sai kallo muke yi. Malam ya ce kowa ya soke misali guda, ya sa na unguwarsu.

Ni na kasa. A gidanmu a Tarauni, ko a ƙasa aka tsinci takarda mai rubutu, ɗagawa ake yi a ajiye a sama. Ina ni ina soke maganar mai littafi?

Malam ya dube ni ya ce, "Izini ya ba ka, ba ajiya ba."

Na soke jirgin, na sa ɗan acaɓa da ya taso daga Unguwa Uku zuwa Darmanawa. Nan take lissafin ya fito mini sarai.

Bara 'yata ta zo da littafin a wayarta. An daɗe da hana acaɓa a Kano, amma nawa yana nan a ciki, yana ta gudunsa.